Neman shawara: wace manhaja ce ta dace da tafiyar da ƙaramin asibiti?

Likitar Yara ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka, masu ƙananan asibitoci da ma'aikatansu, da duk wanda ya taɓa girka irin wannan manhaja ya ga yadda ta kaya.

Ni likitar yara ce, ina riƙe da ƙaramin asibiti mai zaman kansa. Mu biyu ne likitoci, akwai nas uku, da yarinya ɗaya a teburin karɓar marasa lafiya wadda ita ce kuma kashiya, sai ɗan ɗakin magani da wani lungu da muke gwajin jini da fitsari. Ba ma kwantarwa sai na 'yan sa'o'i, wanda yake buƙatar gado mu tura shi gaba.

Har yau da takarda muke komai: kati, rajistar masu zuwa, littafin kuɗi, littafin magani. A da hakan bai dame ni ba, amma yanzu fayiloli sun cika kanta har sun fara hawa kan kabad. Uwa za ta zo da yaro jikinsa zafi zau, ta baro ƙaramin katinsa a gida, a yi ta lalube ba a ga fayil ba, sai a buɗe masa sabo. Kwanan baya na tarar da wani yaro mai asma yana da fayil har uku, kuma a guda ɗaya kawai aka rubuta cewa jikinsa ba ya karɓar penisilin. Wannan ya tayar mini da hankali ƙwarai, shi ne ma ya sa na ce lallai a canza. Ga kuma yaran da muke ba ranar dawowa, na rigakafi da masu sikila, ba ni da hanyar sanin wanda bai dawo ba sai in ni da kaina na tuna da shi. Sannan ga kamfanonin inshorar lafiya. Takardun neman biya sukan dawo mana, a ce lambar cuta ba ta dace da maganin da aka bayar ba ko an tsallake wani gurbi, kafin mu tantance wanda aka biya da wanda ba a biya ba an kwashe watanni.

Kamfanoni biyu sun zo sun nuna mana hajarsu. Ta farko a intanet take, ba a girka komai, ta burauza ake shiga, ana biya wata-wata gwargwadon yawan ma'aikatan da aka buɗe wa shafi. Ta yi kyau a ido, tana ma tura wa iyaye saƙon tes na tunatarwa. Ta biyu za su girka ta ne a kwamfuta ɗaya a cikin asibiti, sauran kwamfutocin su jona da ita, a biya sau ɗaya, sai kuɗin kulawa duk shekara. Fuskarta ta tsufa, amma wakilinsu ya ce ko intanet ya yanke aiki ba zai tsaya ba. Ƙanena kuma da ya karanta kwamfuta cewa ya yi in rabu da su duka, akwai na kyauta irin su OpenEMR da OpenMRS, zai zo ya girka mini. Na yarda da iyawarsa, sai dai yana da nasa aikin, ba kusa yake ba.

Don Allah wace hanya ce ta fi? Waɗanne tambayoyi ya kamata in yi musu kafin in sa hannu a takarda? Ba na son in ɗauki abin da bayan shekara zan dawo ina neman hanyar fita.

Mai Ɗakin Kati ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ranki ya daɗe Likita. Ni ba masanin kwamfuta ba ne, ɗakin kati ne aikina, na yi shi da takarda na kuma yi shi da manhaja. Abin da zan fara tambaya shi ne, lokacin da suka zo nunin, wa ya zauna a gaban kwamfutar? Na tabbata wakilinsu ne, ke kuma kina gefe kina kallo. Wannan nunin ba ya gaya miki komai, domin shi ya haddace hanyarsa, kuma majinyacin da yake nuna miki na ƙirƙira ne mai suna ɗaya, ranar haihuwa cikakkiya, lambar waya tasa shi kaɗai.

Ki sa su dawo. A wannan karon yarinyar nan ta teburin karɓa ita za ta zauna, wakilin ya naɗe hannunsa ya yi shiru. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ita ce za ta wuni da wannan manhaja fiye da kowa a asibitin. Ki ɗebo ainihin irin matsalolin da kuke gani, ki canza sunaye, ki ba ta ta shigar.

Ta yi rajistar yaro da suna Muhammad, sannan ta neme shi da Mohammed ko Muhammadu, a ga ko zai fito. In bai fito ba, fayil ukun nan da suka tayar miki da hankali za su koma cikin kwamfuta, sai dai a can ba za ki gan su a kanta ba balle ki lura. Manhajar kirki tana nema da lambar waya, da ranar haihuwa, da sunan uwa, kuma kafin ta yarda a buɗe sabon fayil za ta nuna waɗanda suka yi kama ta ce ko ɗaya daga cikin waɗannan ne. Ta shigar da tagwaye: ranar haihuwa ɗaya, uwa ɗaya, waya ɗaya, adireshi ɗaya. Na taɓa aiki da wata da take ƙin karɓar na biyu, ta ce ai an riga an shigar da shi. Ta shigar da jariri ɗan kwana biyu da ba a raɗa wa suna ba, sannan ta dawo ta sa masa suna, a ga ko lambarsa da tarihinsa suna nan. Ta gwada uwar da ba ta riƙe ranar haihuwar yaro ba, sai dai ta ce ya kai shekara uku. Wasu manhajojin dole sai an cika rana da wata, ma'aikaci kuma sai ya ƙirƙiro, shi ya sa za ki ga rabin asibiti an haife su ran 1 ga Janairu.

Sai haɗa fayil biyu su zama ɗaya. Ki tambaya wa ke da ikon yin haka, kuma in an haɗa na yara biyu daban bisa kuskure, ana iya warwarewa? Wannan ya fi buɗe fayil biyu haɗari.

Wani abu kuma, manhajoji da yawa an gina su ne da tunanin kowane majinyaci da lokacinsa da aka ware masa tun da wuri. In yawancin masu zuwa wurinku zuwa kawai suke yi su bi layi, ki ga yadda take nuna layin: wa ke jiran nas, wa ke jiran likita, wa ya tafi gwaji bai dawo ba. Kuma yaron da aka shigo da shi yana jijjiga, ba wanda zai tsaya cika gurbi ashirin. Ya zamana ana iya buɗe masa da suna kawai a wuce da shi, a cike saura daga baya.

Batun penisilin kuwa, ki zauna da kanki ki rubuta wa yaron nan amoksisilin, wanda dangin penisilin ne, a cikin manhajar, ki ga ko za ta tsayar da ke. Ki kuma lura, manhajar tafiyar da asibiti daban, ta rubuta tarihin jinya daban, ko da yake sau da yawa ana sayar da su a haɗe. Wasu sun ƙware a rajista da rasit, amma wurin rubutun likita fili ne kawai fari. Ke da kike ganin yara kina buƙatar nauyi da tsawo su hau kan jadawalin girma, irin wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, da kuma jerin alluran rigakafi da zai nuna wadda ta rage.

Injiniyan Sadarwa ya rubuta:

Malam mai ɗakin kati ya gama magana a ɓangarensa, ba abin da zan ƙara. Ni zan taɓa abin da ba ya fitowa a nuni.

Likita, tambayar da za ki fara yi wa kamfanonin biyu ita ce: ranar da na ce na bar ku, yaya zan karɓi bayanaina? Kada ki karɓi amsar baki. Ki ce yanzu, a gabanki, su fitar miki da bayanan gwajin da aka shigar. Ki duba abin da ya fito. In takardun PDF ne, kowane majinyaci da tasa, to wata manhajar ba za ta iya haɗiye su ba, sai an sake bugawa da hannu. Abin da ake so shi ne jadawali irin na CSV da ke buɗewa a Excel, na majinyata daban, na ziyara daban, na magani, na gwaji, na kuɗi, duk da lambar da ke ɗaure su da juna, haɗe da hotuna da takardun da aka ɗora. In suka ce suna bin ƙa'idar FHIR ta ƙungiyar HL7, wadda aka tsara don manhajojin lafiya su riƙa musayar bayanai, to alama ce mai kyau, amma ita ma a gani a ƙasa. Sannan a rubuta a yarjejeniya cewa bayanan na asibiti ne, za a miƙa su cikin kwana kaza in an rabu, nawa ne kuɗin yin hakan in akwai, kuma ko da ana jayayya kan biya ba za a kulle miki tarihin majinyata ba. Na ga asibitin da aka rufe wa shafi saboda saɓani kan kuɗin wata, likita yana zaune da majinyaci ba ya iya ganin maganin da ya ba shi a baya.

Game da ta intanet da ta cikin gida, kowace da inda take ciwo. Ta intanet, in layi ya yanke kin tsaya, sai dai in tana da tsarin ci gaba da aiki ta tura daga baya, wanda kaɗan ne ke yinsa da kyau. A nunin ki zare wayar intanet ɗin da hannunki ana tsakiyar rajista, ki ga abin da zai faru. In ita za ki ɗauka, ki tanadi layi biyu na kamfanoni daban. Ta cikin gida kuma, duk nauyin ya dawo kanki: wuta, batirin da zai riƙe sabar (babbar kwamfutar da sauran ke jone da ita) in an ɗauke, zafi da ƙura, sabunta Windows, ɓarawon da zai iya sungumar kwamfutar da tarihin kowa a ciki. Mafi muhimmanci kwafin ajiya. Ƙa'idar da muke bi ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Kuma kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ni ban ɗauke shi kwafi ba. Ki ce wa kamfani na biyu su dawo da ajiyar jiya a kan wata kwamfuta daban kina kallo.

Kada a ɗauka wannan tsoratarwa ce. A watan Mayun 2017 manhajar garkuwa da bayanai da ake kira WannaCry ta afka wa asibitocin gwamnatin Ingila, ta kulle kwamfutoci tana neman kuɗin fansa, aka ƙiyasta an soke ganin likita da tiyata kusan 19,000. Kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran wannan ɓarakar tun watan Maris, ba a dai girka shi a kwamfutocin da abin ya shafa ba. In tsari mai girman wannan ya yi sakaci da sabuntawa, ƙaramin asibitin da babu ma'aikacin kwamfuta ya fi kusa da faɗawa. Ki ma duba kwamfutocin da kike da su, domin Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum.

Shawarar ƙanenki ba ta banza ba ce. OpenMRS tun 2004 aka faro ta, haɗin gwiwar Cibiyar Regenstrief ta Amurka da ƙungiyar Partners In Health, aka fara aiki da ita a Eldoret ta Kenya don bibiyar masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV. Ƙarfinta a tarihin jinya yake, ba a gina ta da farko don rasit da lissafin kuɗi ba. Shi ya sa aka yi Bahmni, wadda kamfanin ThoughtWorks ya haɗa don wani asibitin karkara a Indiya, ta ɗauki OpenMRS ta jona ta da OpenELIS don ɗakin gwaji da Odoo don kuɗi da kayan sito. Bahmni tana da kyau amma ta yi wa asibiti mai likita biyu nauyi, a ganina. OpenEMR ta fi kusa da girmanku, tana da jadawalin ganin likita da lissafin kuɗi a ciki, sai dai ɓangaren inshorarta an tsara shi ne bisa tsarin Amurka, zai buƙaci gyara. Duk waɗannan ba a biyan lasisi, kuma bayananki suna hannunki, wanda shi ne babban abin da nake so a gare su. Amma girkawa ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Wa zai ɗaga waya ranar Litinin da safe in ta ƙi buɗewa? In za ki bi wannan hanya, ki nemi kamfani ko mutumin da za a yi yarjejeniyar kulawa da shi a rubuce, ƙanenki ya zama mai duba muku aikin nasu.

Likitan Haƙori ya rubuta:

Abokiyar aiki, ni kai tsaye zan ce ki ɗauki ta intanet. Injiniya ya auna su daidai wa daida, amma a aikace ba daidai suke ba ga irinmu. Na riƙe sabar a asibitina, na san yadda abin yake: kwafin ajiyar da aka ce kullum za a yi, wata na farko ake yi, daga nan kowa ya shiga sabgarsa. Yankewar intanet tana ɓata rana guda, mutuwar faifan kwamfuta kuwa tana iya tafiya da aikin shekaru. Na gwammace in ɗauki ta farkon.

Saƙon tunatarwar nan ma kada ki raina shi. Tunda na fara tura shi kwana ɗaya kafin ranar mutum, kujerar da take zama babu kowa ta ragu sosai. Ke kuma da masu sikila da 'yan rigakafi, abin da ya fi saƙon amfani shi ne manhajar ta iya fito miki da jerin waɗanda ranarsu ta wuce ba su zo ba, nas ta bi su da waya.

Gargaɗina ɗaya ne. Ki san da me kamfanin yake cin riba. In kuɗin da suke karɓa ya yi arha fiye da hankali, ko suka ce kyauta ne, ki tambaya ko suna sayar da bayanai ko saka talla. A Amurka akwai Practice Fusion da ta yi suna wajen ba likitoci manhaja kyauta. A 2020 ta amince ta biya dala miliyan 145, bayan ta amsa cewa ta karɓi kuɗi daga wani kamfanin magani ta saka faɗakarwa a cikin manhajar da ke karkata likitoci ga rubuta magungunan kashe zafi masu sa jaraba. Wannan kyautar daban take da ta su OpenEMR da Injiniya ya ambata, waɗanda kowa na iya buɗe cikinsu ya duba. Ki karanta sashen sirri na yarjejeniyar da kanki, ki tambayi ƙasar da ake ajiye bayanan, ki kuma duba abin da dokar kare bayanai ta ƙasarki ta ce, domin a idon iyayen yara ke ce kika karɓi amanar, ba su san wani kamfani ba.

Likitar Yara ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam mai ɗakin kati, gaskiyarka, wakilin ne ya riƙe kwamfutar daga farko har ƙarshe. Na karanta wa yarinyar teburin karɓa abin da ka rubuta, tun kafin in kai ƙarshe ta ce a ƙara da uwar da ta kawo yara uku a lokaci ɗaya tana son rasit guda, da wanda ya biya rabi zai ciko gobe. Na kira kamfanonin biyu, na farko sun yarda su ba mu mako biyu mu gwada da kanmu, na biyu sun ce sai sun tuntuɓi ofishinsu.

Saura abu biyu. Ba wanda ya taɓo batun inshora, alhali nan ne kuɗinmu ke maƙalewa. Sannan tsofaffin fayilolin nan, dole ne sai an shigar da su duka kafin mu fara? In haka ne ban ga ranar gamawa ba.

Ma'ajin Asibiti ta rubuta:

Sannu da ƙoƙari Likita. Ni lissafin kuɗin asibiti nake riƙewa, kuma takardun inshora ta hannuna suke bi, don haka bari in amsa ta farkon.

Takardar neman biya tana lalacewa ne tun daga teburin karɓa da ɗakin likita, a wurin kamfanin inshora kawai ake ganin ɓarnar. Saboda haka abin da za ki nema shi ne manhajar da ke hana kuskuren shiga tun farko. Lambar inshorar yaro da ranar ƙarewarta su zama a fayil ɗinsa, ta yi gargaɗi in ta ƙare. In aikin yana buƙatar izinin kamfani kafin a yi, a samu gurbin lambar izinin, ta kuma ƙi rufe ziyarar in babu shi. Likita ya zaɓi cuta daga jeri mai lamba, kada ya rubuta da hannu kowa da salonsa. Misali a ICD-10, wato tsarin lambobin cututtuka na duniya bugu na goma, asma J45 ce, sikila D57, zazzaɓin cizon sauro da ba a fayyace nau'insa ba B54. In kin buga asma lambar ta fito da kanta. ICD-11 ta fara aiki a hukumance ran 1 ga Janairu 2022, amma wurare da yawa har yanzu ta goma suke karɓa, don haka ki tambayi kamfanonin da kike hulɗa da su wacce suke so, ki kuma tambayi mai manhaja ko sauyawa zuwa sabuwar yana cikin kuɗin kulawa.

Kowane kamfanin inshora da farashin da kuka yi yarjejeniya a kai, wanda ya sha bamban da na mai biya daga aljihu. Manhajar ta iya riƙe jadawalin farashi fiye da ɗaya, ta ɗauko wanda ya dace da kanta. Ki karɓo ainihin fom ko jadawalin da kowane kamfani yake so a tura masa, ki miƙa wa wakilin ki ce ya fitar da irinsa sak. In ba ta iya ba, za ku ci gaba da kwafewa da hannu kowane ƙarshen wata, an biya kuɗin manhaja aikin bai ragu ba.

Rahoton da ni ba na iya aiki ba tare da shi ba shi ne na bashi bisa tsufansa: me muke bin kowane kamfani da bai kai kwana 30 ba, me ya kai 60, me ya haura 90. Da shi ne za ki san wanda za ki matsa wa. Kuma in sun biya, sukan turo dunƙule ɗaya na majinyata da yawa, sun zaftare wani abu a nan da can. Ya zamana ana iya rarraba kuɗin a kan kowace takarda, a rubuta dalilin abin da aka zaftare. Bayan 'yan watanni za ki ga dalili ɗaya ko biyu ne ke ta maimaituwa, ki toshe su.

Akwai maganar da ba a son yi amma dole. Mutum ɗaya ne yake rajista kuma yake karɓar kuɗi a wurinki. Ba zarginta nake ba, kariya ce gare ta ita ma. Kowane ma'aikaci da sunan shigarsa da kalmar sirrinsa, kada a yi tarayya ko da kuwa biyan kuɗin bisa yawan mutane ne, kuma na san jarabar rage kuɗi ta nan take shigowa. Rasit in an buga ba ya gogewa, sai dai a soke shi da dalili, sokewar da rangwame su bi ta hannunki. Manhajar ta ajiye tarihin wa ya buɗe fayil ɗin wa, wa ya canza me, da ƙarfe nawa. Kashiya ba ta da buƙatar karanta abin da likita ya rubuta, shi ma mai ɗakin magani ba ruwansa da littafin kuɗi. A ɗakin magani kuma, abin da likita ya rubuta, da abin da aka biya, da abin da ya ragu a kanta su riƙa tafiya tare, da lambar rukuni da ranar lalacewar kowane magani.

In ta intanet kika zaɓa, ki nace sai da tabbaci na biyu wajen shiga, wato lambar da ke zuwa waya bayan kalmar sirri. A watan Fabrairun 2024 masu kutse sun shiga kamfanin Change Healthcare, wanda takardun neman biya na ɗimbin asibitocin Amurka ke bi ta cikinsa, ƙananan asibitoci suka yi makonni kuɗinsu bai shigo ba. Shugaban kamfanin da ya mallake shi ya shaida wa majalisar dokokin ƙasar cewa ƙofar da aka bi aka shiga ba ta da wannan tabbaci na biyun.

Mai Ɗakin Kati ya rubuta:

Ranki ya daɗe, a'a, ba sai an shigar da tsofaffin fayilolin duka ba, kuma ina roƙonki kada ki gwada. Fayiloli da yawa a kantar nan na yaran da suka girma ne ko suka bar unguwa, ba za su sake dawowa ba. Ki sa ranar farawa. Daga ranar, duk wanda ya zo a ciro tsohon fayil ɗinsa, a yi masa rajista a manhaja, a rubuta sabuwar lambar a bangon fayil ɗin, tsohuwar lambar kuma a sa ta a wani gurbi a cikin manhajar don a iya nemansa da ita. Ke ko abokin aikinki, yayin ganinsa, ku shigar da abin da ba a so ya ɓace: maganin da jikinsa ba ya karɓa, cutar da yake fama da ita ta dindindin, magungunan da yake kai, rigakafin da ya yi, rukunin jini da jinotayif in an sani. Wannan aikin likita ne ko nas, kada a bar wa mai buga rubutu, domin shi ba zai gane abin da ya karanta daidai ba.

Waɗanda za a shigar tun kafin ranar su ne masu sikila, masu asma, masu farfaɗiya da jariran da ke tsakiyar rigakafi. Ba su da yawa, kuma su ne kike son jerin waɗanda ba su dawo ba ya fara aiki a kansu. Nan ne ma za ku tace masu fayil biyu da uku kafin su shiga. Takardun kuma kada a ƙona ko a zubar, kowace ƙasa da adadin shekarun da doka ta ce a ajiye su, na yara ma yakan fi na manya tsawo, sai ki tambayi hukumar da ke ba ku lasisi.

Makonnin farko aiki zai yi nauyi, layi zai yi tsawo, ma'aikata za su so komawa biro. Ki rage yawan waɗanda kike ba rana a lokacin, ki sa a yarjejeniya cewa mutumin kamfani zai zauna tare da ku a kwanakin farko, kuma horon a yi wa kowa a kan nasa aikin, a teburinsa. Kada a riƙa rubutawa a takarda da kwamfuta gaba ɗaya na tsawon lokaci, domin ƙarshenta babu wanda zai cika. Ki dai buga fom marasa rubutu na rajista, na ganin likita, na magani da rasit mai lamba, a ajiye a aljihun tebur don ranar da manhaja ta tsaya, a kuma sanya sunan wanda zai shigar da su idan ta dawo, kafin a tashi aiki a ranar.